Jirgin da Jibrilla Ya Zaɓa

In ka shiga karar dabbobi ta Sabon Birni ranar kasuwa ka ce a nuna maka Kyaftin, ba wanda zai ce maka wane Kyaftin. Za a nuna maka wani dogon dattijo siriri, malafa a ka, sanda a kafaɗa, ya danne leɓen bijimi yana duba haƙora. Sunansa Jibrilla. Bai taɓa shiga soja ba, bai taɓa taka ƙofar jirgi ba. In ka kira shi da wannan suna zai amsa, amma ba zai ɗago ya dube ka ba. Ni dai ba na kiransa haka, don na san inda sunan ya samo asali.

A wata ruga kusa da Kurawa aka haife shi, ya tashi a bayan shanu, Fulatanci a gida, Hausa a kasuwa. Tun gemu bai fito masa ba aka gane Allah ya ba shi ido. Saniya za ta gitta ya ce tana da cikin wata uku, a yi masa dariya, bayan wata shida a zo ana ba shi haƙuri. Ragon da aka ɗura wa ruwan kanwa don ya yi tumbi, daga tafiyarsa yake gane shi. Da ɓarayin daji suka kore garkensu a yini guda, ya kwaso matarsa Habi da yara ya dawo cikin gari, ya samu 'yar gona a bayan gari, idon nan ya zama abincinsa. Mai neman ragon layya, mai neman shanun huɗa, mai son saniyar tatsa, kowa sai ya ce a kira Jibrilla. Ba a taɓa dawo masa da dabba an ce ya yi kuskure ba, ko sau ɗaya. To, abin ya shiga kansa, gaskiya. Ya kai ga in ya nuna abu da bakin sanda, a wurinsa magana ta ƙare, ko da abin ba mai ƙafa huɗu ba ne.

'Yarsa ta fari, Basira, tana auren Hafizullahi, ɗan gidan malamai, wanda ya sauke Alƙur'ani sannan ya koyi gyaran waya, yana da ɗan shago kusa da tasha. Yaron kirki ne, kuma Jibrilla yana sonsa har cikin rai, sai dai ba zai taɓa faɗa ba. Kun san surukuta a wurinmu, balle an haɗa da ta Fulani. Shekara bakwai da auren, ba su taɓa sa hannu a kwano ɗaya ba, ba su taɓa haɗa ido ba. Jibrilla ba ya kama sunan 'yarsa don ta fari ce, ba ya kama na mijinta don suruki ne. Ita "yarinyar nan", shi "mai wayoyi". In sun hango juna a hanya, ɗaya zai ratse. In Jibrilla yana da saƙo sai ya faɗa wa Habi, Habi ta faɗa wa Basira, Basira ta kai wa mijinta, amsa ta biyo wannan hanya ta dawo. Duk garin nan kowa zai iya ganin kasawar Jibrilla ya daure, ban da wannan yaro. Girmansa a idon surukinsa shi ne abin da ya rage masa bayan shanu, da shi yake kwana da shi yake tashi.

Maganar jirgi kuwa tsohuwa ce a zuciyarsa. Yana ɗan shekara goma wani jirgi mai saukar ungulu ya sauka a fadamar da yake kiwo, shekarar da tsuntsaye jan-baki suka yi ɓarna aka zo feshi. Shanu suka watse, shi ko ya tsaya baki buɗe har jirgin ya tashi. Ya sha dukan da bai taɓa sha ba, bai kuma yi nadama ba. Shekara arba'in da ɗoriya bayan haka, wani dillali a kara ya nuna masa bidiyo a waya: mutum tsaye a gona da ɗan akwati a hannu, ƙaramin jirgi irin wancan sak yana shawagi bisa kansa, ya aike shi ya tafi, ya kira shi ya dawo. Jibrilla ya sa aka maimaita masa sau huɗu.

Damina ta yi nisa a lokacin, hatsi ya fara ƙosawa, jan-baki sun fara sauka. Da can yara ake ɗorawa kan rumfa a tsakiyar gona suna kaɗa gwangwanaye, yanzu kuwa wa zai bar ɗansa a daji? Sai Jibrilla ya samu hujja. Ya ce wa Habi jirgin korar tsuntsaye zai saya. Habi ta dube shi sama da ƙasa. Shekara talatin tana zaune da shi, ta san ba don tsuntsaye yake so ba. Amma ta kai saƙo.

Amsar da Hafizullahi ya bayar doguwa ce, mai hankali. Ya ce wanda bai taɓa riƙe abin ba, ƙarami yake fara saya, mai farfela biyu ɗaya bisa ɗaya, wanda in ka saki hannu zai tsaya wuri guda da kansa. A koya a cikin zaure inda ba iska, ya faɗi sau ɗari bai lalace ba, in ma fiffike ya karye akwai na canji. In hannu ya saba sai a matsa gaba. Basira ta taƙaita wa uwarta. Habi tana tsakar daka ta ƙara taƙaitawa.

"Ya ce ka fara da na yara."

"Na mi?"

"Na yara. Wai hannunka bai saba ba."

Wayyo! Da Habi ta san abin da ta kunna, da ta haɗiye maganar. Kasuwa na zagayowa Jibrilla ya ja ɗan maraƙin da yake kiwatawa, abin da ya fara tarawa tun bayan garke, ya sayar. Ya aika a gaya wa mai wayoyi jibi za a tafi Isa.

A Isa akwai wani Illo, mai shagon kayan lantarki, abokin Hafizullahi, shi ke sauke irin waɗannan kaya daga Kano. Mota ɗaya suka shiga, Jibrilla a gaba, suruki can baya cikin buhuna, kowa yana addu'ar hanya a zuciyarsa, don hanyar ba ta da tabbas. Illo ya shimfiɗa tabarma ya jera jirage uku. Ɗaya bai wuce tafin hannu ba. Ɗaya ya kai kamu guda. Na ukun kuwa ya kai tsawon hannun babban mutum har kafaɗa, baƙi da ja, fuka-fukansa kamar wuƙaƙen mahauta.

Jibrilla ya tsuguna ya fara aikin da ya iya. Ya ɗaga ƙaramin, ya ji shi sakayau, ya ture shi gefe da bayan hannu. Na tsakiya ko taɓa shi bai yi ba. Ya ɗaga babban ya jinjina, ya shafa gadon bayansa, ya ƙwanƙwasa ƙirjinsa, ya duba ƙafafu ko sun miƙe daidai, ya ja wutsiya. Ya ce a tayar da shi ya ji murya. Illo ya ce wannan ba a tayar da shi cikin shago sai an cire fuka-fukai. Ya cire, ya kunna, injin ya yi wani kuka mai kaifi har masu wucewa suka leƙo. Jibrilla ya gyaɗa kai.

Illo ɗan kasuwa ne, amma yana da tsoron Allah. Ya ce, "Baba, wanga ba ni na zaɓo shi ba. Wani injiniya ya sa anka kawo, sai anka canza mai wurin aiki. Ba shi tsayawa da kainai. Ka saki sandar tuƙi ƙiftawar ido, ya tahi. Sai wanda ya shekara shina yi ka iya riƙon shi."

"Doki mai kyau ma haka shike," in ji Jibrilla.

Illo ya waiga ya dubi abokinsa. Hafizullahi yana durƙushe a bakin ƙofa, ido a ƙasa. Ya san abin da ke shirin faruwa, amma ta ina zai fara? A gaban baƙo zai ce wa uban matarsa bai iya ba?

"Baba," ya ce a hankali, "ƙaramin ma shina da kyau ƙwarai."

Jibrilla ya amsa yana kallon Illo, kamar daga bakin Illo maganar ta fito. "Ƙaramin shina iya tsayuwa cikin iskar gona?"

"A'a, Baba," in ji Hafizullahi. "Iska tana ɗaukar shi."

"To."

"Na tsakiyan nan dai..."

"Tsakanin shi da babban, wanne ya fi ƙarfi?"

"Babban, Baba."

"Wanne tsuntsaye za su fi tsoro?"

"Babban, Baba."

"Ashe mun gama."

"Haka ne, Baba."

Nan fa aka yi kuskuren, kuma su biyu suka yi shi, ko da yake kason Jibrilla ya fi yawa nesa ba kusa ba. Ya sani sarai "haka ne, Baba" a bakin suruki ba shaida ba ce. Da ya ce rana daga yamma take fitowa, abin da zai ji ke nan. Amma ya karɓi maganar ya sa aljihu, ya dawo yana ce wa Habi ai mai wayoyin ma ya yarda.

Jirgin ya kwana biyu a shagon Hafizullahi ana cajin batir ana daidaita shi, duk wanda ya kawo gyara ya gan shi ya yaba. Ba wanda ya san mai shi, don Jibrilla ya hana a faɗa. Dattijo da furfura a ce ya sayar da maraƙi ya sayi abin wasa? Hafizullahi ya yi iya dabararsa. Ya ɗaure wa jirgin sanduna biyu a gicciye a ƙarƙashi, irin waɗanda ake sa wa mai koyo don kada jirgi ya kife wajen tashi. Ya kuma aiko Basira da saƙo cewa in Baba zai tafi gona, yana so ya zo ya riƙe masa kwalin jirgin. Kowa ya san fassarar wannan: bari in zo in koya maka ba tare da an ce na koya maka ba. Jibrilla ma ya gane, shi ya sa ya ƙi. Ya ce a gaya masa an gode. Sandunan kuwa ya dube su ya ce dabaibayi ne, ya kwance ya miƙa wa Habi ta sa a murhu.

Ranar Talata da hantsi ya sa jirgin cikin buhu, ya bi ta bayan gari zuwa gonarsa, shi kaɗai. Ya ajiye shi a fili, ya ja baya taku biyar, ya yi bisimilla. Ya tuna abin da Illo ya nuna masa a gurguje: a kunna rimot tukuna, wato ɗan akwatin tuƙi, sannan jirgi, sandar hagu ita ce ta tashi. Ya tura ta. Ba a hankali ba, a'a, irin turin da ake yi wa bijimi mai gardama.

Jirgin ya yi kuwwa ya yi sama. Jibrilla ya ji wani daɗi da rabonsa da shi tun yana yaro, kuma daɗin bai kai numfashi uku ba. Wutsiya ta juya, jirgin ya fuskanto shi. Ya tura dama, jirgi ya yi hagu. Ya tura hagu, ya yi dama. Ba wanda ya gaya masa in jirgi ya juyo yana kallonka hannunka da nasa sun saɓa, ko in ce an so a gaya masa, bai ba da ƙofa ba. Jirgin ya wuce ta bisa kansa har malafa ta faɗi. Sai ga Jibrilla yana gudu cikin hatsi, yana yi wa jirgi fito, yana daka masa tsawa da Fulatanci. Ina! Jirgi ya haye bisa kuka, ya miƙe ya nufi gari.

A bakin garin akwai rijiya da 'yar kasuwar safe, kusa da inda mutanen Gatawa da suka gudo saboda ɓarayin daji suka kafa bukkoki. Mutanen nan ko kwano ya faɗi sai gabansu ya faɗi. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa ɓarayin daji sun samu wani abu mai tashi mai ɗaukar hoto, shi suke aikowa ya leƙa gari kafin su shigo. Ko gaskiya ne ko ƙarya, Allah masani. Da aka ji kukan nan, aka ga baƙin abu yana tangaɗi a sama, mace ɗaya ce ta ce, "Ga su nan!" Shi ke nan. Tuluna suka fashe, aka tattake tallan mata, iyaye suka kwashe 'ya'yansu daga makarantar allo, masu shago suka ja ƙofa. Wani tsoho, Labbo, aka ture shi a bakin rijiya ya karye a hannu. Jirgin kuwa ya gaji don kansa, ya faɗa kan rumfar mai injin niƙa, fuka-fukai suka tarwatse.

Jibrilla yana tsugune cikin hatsi yana jin ihun. Nan ne ya kamata ya miƙe ya je ya ce nawa ne. Tafiyar ba ta wuce minti goma ba. Ya miƙe ɗin, sai ya hango kansa tsaye a tsakiyar jama'a da akwatin wasa a hannu, ana dariya, labari ya kai shagon da ke kusa da tasha. Ƙafarsa ta ƙi. Ya zagaya ta bayan maƙabarta ya shiga gida, ya cusa rimot cikin rumbu, ya wanke ƙafa, ya fito ƙofar gida yana tambayar masu gudu, "Lafiya? Mi ya faru?" Ina faɗar wannan ne don shi da bakinsa ya faɗa, kuma ya ce a duk abin da ya aikata ranar, tambayar nan ce ta fi ci masa rai.

Kafin azahar 'yan sintirin unguwa sun tsinci jirgin, kuma mutum goma sun shaida a shagon wa suka gan shi. Aka taso Hafizullahi a gaba har ƙofar gidan mai unguwa, Malam Sammani, aka zaunar da shi a rana. Na wane ne? Wa ya tayar da shi? Wa kake yi wa aiki?

"Ni na kawo shi garin ga," ya ce. "Abin wasa ne, ba shi da kyamara. Ku duba."

"Ina abin tuƙa shi?"

Shiru.

"Hannun wa shike?"

Aka mare shi, aka ƙara, bai faɗa ba. Sunan da bai taɓa furtawa ba shekara bakwai don kunya, ba ranar zai furta shi a gaban taro ba. Kuma ya san abin da ake iya yi wa Bafulatanin da aka ɗora wa irin wannan zargi kafin a tsaya a saurare shi. Da mai unguwa ya ga taro na ƙaruwa, wasu har sun fara tsintar duwatsu, sai ya sa aka shigar da shi zaure aka kulle, don a tsirar da ransa.

La'asar sakaliya Basira ta shigo gidan ubanta, goyo a baya, ko sallama babu. Jibrilla yana zaune gindin dogonyaro a tsakar gida. Ba ta dube shi ba. Ta tsaya a ƙofar ɗakin uwarta ta ɗaga murya.

"Inna, an fasa shagon, an kwashe wayoyin mutane. Sun ɗauki hotonai da jirgin a gabanai, ga shi can shina yawo a waya an rubuta infoman ɓarayi. Inna, bai faɗi ba. Ya ce ko kashe shi za a yi ba shi faɗi. Ni dai na zo in gaya maki, ko akwai wanda za ki gaya ma."

Ta juya ta fita. Habi ta fito da muciya a hannu.

"Ka ji, ko in maimaita maka, tunda ta bakina kake ji?"

"Za ni," ya ce.

"Yaushe?"

"Bari jama'a ta rage."

"Jama'a! Ɗan mutane na kulle don kai, kana jiran jama'a ta rage? Tir, Jibrilla. Wallahi tir."

Ya tashi ya sa malafa ya fita. Ya kai kwanar gidan mai unguwa, ya hango taro, ya hango ƙofar zauren a kulle, ya tsaya. Mutane za su ce tsoron duka ne ya mayar da shi, kuma akwai tsoron, ba a musu. Amma ba shi ne babba ba. Abin da ya kasa ɗauka shi ne a buɗe ƙofar nan yaron ya fito ya same shi yana cewa ban iya ba, an gaya mani na ƙi ji. Ya dawo gida ya ce taron bai watse ba. Aka yi magariba, aka yi isha'i, gari ya waye, Hafizullahi yana zaure.

Da safe bai jira Habi ta yi magana ba, don tun jiya ta daina yi masa. Ya zaro rimot daga rumbu, duk ƙaiƙayi, ya riƙe shi a fili ya ratsa gari da shi. Ya tsuguna gaban Malam Sammani da dattawa da 'yan sintiri, ya ajiye.

"Nawa ne. Ni na saye shi, ni na tada shi, ya ƙwace mani."

Malam Sammani ya sa aka fito da Hafizullahi, kunci a kumbure, leɓe a fashe. Aka ba shi rimot ya kunna, ya motsa sanda, guntun wutsiyar jirgin ya motsa a kan tabarma. Aka buɗe cikin jirgin kowa ya leƙa, ba kyamara ba komai, sai batir da 'yan wayoyin lantarki.

"Jibrilla," in ji mai unguwa, "kai da hankalinka? Mi za ka yi da shi?"

"Korar jan-baki."

"Ka iya tuƙa shi?"

"Ban iya ba."

"Ba wanda ya ba ka shawara?"

"An ba ni. An ce in fara da ƙarami. Na ƙi."

"To mi ka duba ka zaɓi wanga?"

"Ya fi nauyi."

Wani daga baya ya ce, "Ka duba haƙoranai kuwa, Kyaftin?" Taro ya fashe da dariya, har da waɗanda suka yi marin. Dariyar da ya kwana yana gudu ke nan. Ta zo ta wuce, ba ta fi shan ruwa daɗewa ba, kuma bai mutu ba. A nan ne kunya ta gaske ta rufe shi, da ya ga ƙanƙantar abin da ya sa ya bar ɗan mutane ya kwana a kulle.

Malam Sammani bai yi dariya ba. "Jiya kana ina?"

Jibrilla ya sunkuyar da kai. "Ina gida."

"Ka ji abin da anka yi ma Hafizullahi?"

"Na ji."

Mai unguwa ya ɗora masa jinyar Labbo, ya sa aka yi shela a masallaci cewa Hafizullahi ba shi da laifi, wanda ya ɗauki waya ya maido. An maido wasu.

Sai dai shela iyakarta gari. Hoton kuwa kafin wayewar gari ya je Isa, ya je Shinkafi, ya je Sakkwato, ya tsallaka har Maraɗi, ba wanda ya bi shi da gyara. Da Jibrilla ya fito tun hantsin Talata, da ba a ma ɗauki hoton ba. Hafizullahi ya gyara ƙofar shagonsa ya zauna, mutane su gaishe shi da fara'a, su wuce da wayoyinsu wurin wani. Waya ai sirrin mutum ce, wa zai miƙa ta ga wanda aka taɓa kira infoma?

Jibrilla ya yi ƙoƙari, kada in zalunce shi. Mutumin da ba ya son a ga kuskurensa, sai ga shi yana tare mutane a kara yana ba su labarin da kansa, tun daga shagon Illo har rumbu, bai rage komai ba, don dai a san yaron ba shi da hannu. Ya ba dillalai, ya ba mahauta, ya ba baƙi da suka zo daga Nijar, ya ba ni. Ya je duba Labbo ya fara ba shi, tsohon ya katse shi ya ce, "Ni hannuna shina ɗoruwa. Shi mai shagon ka gaya mai haka?" Jibrilla ya gaya wa duk gari, ban da mutum ɗaya.

Sau biyu ana sauke Hafizullahi daga mota a shingen hanya, wani ya ciro waya yana duban hoto yana duban fuskarsa. Na biyun sai da Illo ya taso daga Isa ya tsaya masa. Bayan girbi saƙo ya iso ta bakin Habi: za su koma Sakkwato, wani ɗan'uwansa ya samo masa gefen shago.

Kwana uku Jibrilla yana haɗa maganar da zai faɗa. Gajeruwa ce: ni na cuce ka, ka yafe mani. Ya maimaita ta a gona, ya maimaita ta a hanyar kara, har ya ji ta zauna masa a baki. Ranar tafiya ya bi su tasha, abin da uba ba ya yi. An ɗaure katifa da tukwane a bisa mota, jikokinsa suna leƙe ta taga, Basira ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tsaya nesa kaɗan, ya dogara da sanda, yana jira ƙafarsa ta kai shi.

Hafizullahi ne ya zo. Ya cire takalmi a tsakiyar tasha, ya durƙusa a gabansa.

"Baba, za mu tahi. Ina roƙon gafara. Laifina ne, ni ban yi ma Baba bayani yadda ya kamata ba. Da na buɗe baki a Isa, da duk haka ba ta faru ba. A yafe mani."

Da gaske yake faɗa, ba gatse ba, ba habaici ba. Jibrilla ya dubi tsakiyar kan yaron, ya ga tabon da aka bar masa a bayan kunne. Maganar da ya kwana uku yana haɗawa tana nan a maƙogwaro. Direba yana ta danna oda, fasinjoji sun zuba ido, ɗan kamasho yana cewa a yi haƙuri rana tana yi. Jibrilla ya buɗe baki.

"Ba komai," ya ce. "Allah shi kiyaye hanya."

Hafizullahi ya ce amin, ya yi godiya, ya ɗauki takalmansa ya shiga mota. Jibrilla ya tsaya har motar ta fita daga tasha ta hau titi, sannan ya gane abin da ya yi. Shi ne ya yafe wa yaron.